Yana Dukansa Yanzu

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, yaya kunnen? Inna ta ce waya ba ta yi miki yanzu sai an yi ta ihu, shi ya sa na koma biro. Ni ƙalau nake, ban da tarin ƙurar ƙarfe da ba ya barin kowa a nan.

Na san za ki yi mamaki. Shekara shida ban neme ki ba, ga zumuncin namu sai an zauna an warware, kakana da mahaifinki wa da ƙane. Amma ke kaɗai ce kika koyar da Turanci a danginmu, kuma tambaya ce da ni wadda ta hana ni cin abinci.

Gadi nake yi a nan ƙasar waje, a wani fili da ake tara tsofaffin ƙarafa, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Ɗakina na kwano ne a bakin ƙofa, kujera ɗaya, wayar kamfani ɗaya. Leburorin sun kai talatin, yawancinsu ba su da takardun zama, saboda haka ko an taka su ba sa cewa wayyo. Heluman da ke kansu ana ce masa Guduma. Da guntuwar sarƙar babur yake yawo, naɗe a hannu.

Ranar Talata da hantsi wani lebura, Dogo, ya ɗaure kaya ba daidai ba, kan injin mota ya suɓuce ya fasa sikeli. Guduma ya nufo shi. Ya warware sarƙar, ya zuba masa a kunne. Dogo ya durƙusa. Yaran Guduma biyu suka riƙe masa hannuwa ta baya, shi kuma ya ci gaba, a fuska. Ina jin ƙarar duk da injin matse ƙarfe yana aiki.

Na ruga ɗaki na rufe ƙofa, na buga lambar gaggawa. Wata mata ta ɗauka da Turanci. Na tattaro abin da na iya na ce, “The foreman beats people here.” Ta ce, “Every day?” Na ce e, kullum, domin gaskiya ne. Sai ta karanto mini lambar ofishin ƙwadago, ta ce in je ranar Litinin da shaida, ta yi mini godiya, ta ajiye. Ni kuwa na ɗauka an gama. Na fita bakin ƙofa ina jiran mota, rabin awa, ana can ana dukansa.

Idon Dogo na hagu ya fashe. A bayana na goya shi zuwa titi. Rabin abin da ya same shi ni na jawo masa, Gwaggo, na san haka, kuma jininsa har yau bai fita daga rigata ba.

Me na faɗa da ba daidai ba? Ki gaya mini.

Ɗanki, wanda kike ce wa Zakara.

*

Zakara,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, da sanda nake zuwa bakin ƙofa. Kunne kuwa ya huta da surutun mutane. Innarka ta zo makon jiya, lafiyarta lau, ban nuna mata takardarka ba.

Sau uku na karanta ta. Ka ce kai ka jawo masa rabi, ka ce jininsa yana rigarka. Shekara biyu na riƙe ka a gidan nan, na san yadda kake ba da labarin faɗa. Ranar da ka zubar wa mai gyaran keke haƙora huɗu da benci, shigowa ka yi ka ce mini ana rigima a hanya. Kowa na cikin labarin ban da kai. Ba don cara na sa maka suna Zakara ba, don faɗa ne. Saboda haka ina tambayarka, ka ba ni amsa kamar a gaban ubanka, Allah ya ji ƙansa: cikin biyun da suka riƙe hannun bawan Allahn nan, babu kai? In da kai, ba nahawu kake buƙata ba.

Amma tun da ka tambaya, ban taɓa hana ɗalibi amsa don halinsa ba. Mu in muka ce yana duka, magana biyu ce a ɗaki ɗaya. Ko halinsa ke nan, ko yanzu hannunsa yana sama. Mai ji yakan gane daga muryarka. Turanci ya raba musu ɗaki. “He beats people” yakan doki mutane ke nan, hali ne, kamar ka ce rana takan fito. Abin da ke gudana a gaban idonka kuwa sai ka ce “He is beating him.” Ka kula da “is” ɗin nan, da “ing” da aka maƙala wa aikatau a wutsiya. Su ne ke cewa yanzu. Matar nan ƙorafin hali ta ji, ba neman agaji ba. Da ta tambaye ka ko kullum ne ka ce e, sai ka ja ƙofar ka sa mata sakata da hannunka.

Na koyar da wannan a ajinku. Kana layin baya kana sassaƙa tebur da reza.

Gwaggonka.

*

Gwaggo Malama,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Wata biyu ban ba ki amsa ba, dalili biyu ne. Na farko fushi na yi. Na biyu hannu.

Ban riƙe Dogo ba. Abin da nake nufi, da bakina ya iya magana da mota ta zo tun yana da ido biyu. Jinin kuwa na goyo ne, na rubuta miki haka, kika tsallake. Shekara goma sha biyar ke nan da zancen benci. Tun daga ranar ban ɗaga wa ɗan Adam hannu ba, amma a wurinki har yanzu ina layin baya.

Dogo ba ya nan. 'Yan garinsu sun ɗauke shi daga asibiti kafin a fara tambayar takardu, ba wanda ya san inda yake.

Manaja ya ga lambar da na buga a jerin kiran wayar kamfani, ya gaya wa Guduma. Da rana tsaka ya zo ɗakina da yaransa. Ƙofar filin ta ƙarfe ce, mai gudu a kan layin ƙarfe. Suka ɗora hannuna na hagu a bakin ginshiƙi. Ya ce, “Da wannan ka danna lamba?”

Na ce, “Da na dama na danna.”

Ya yi dariya ya ce, “Wancan na bar maka don cin abinci.” Ya turo ƙofar.

Yatsu biyu suka karye, farcen na tsakiya ya fita. Gwaggo, akwai rodi a jingine bayan kujerata, taku ɗaya. Na cusa hannun dama a aljihu na damƙe cinyata har ta yi shati. Ban taɓa shi ba. Ina so ki san wannan.

Mai waldan filin ne ya ɗaure mini yatsun da guntun katako da tsumma. Dattijo ne, ya kusa sittin, ba ruwansa da kowa. Tun daga nan kullum da hantsi yakan zo ɗakina da shayi a gwangwani, mu sha, ba ma wata hira.

Kada ki ce in bar aikin. Takardar zamana da sunan kamfanin nan take, ranar da na fita na zama kamar su Dogo. Na sayi ƙaramar waya tawa. Ki koya mini abin nan sosai, yadda ko a firgice bakina zai faɗe shi.

Zakara.

*

Ɗana,

Na karɓi takardarka, ina fata hannun yana haɗewa. Kada ka cire ɗaurin da wuri, kuma ka nuna wa likita, mai walda ƙarfe ya iya haɗawa. Ka gaishe shi, ka ce wata tsohuwa ta gode.

Na yi maka laifi. Da idon shekarun baya na karanta ka, ba da na yanzu ba. Shekara talatin da uku ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su amsa, ga ni nan. Ka yafe mini.

To, buɗe kunne. In kai ne mai yi, “I am.” In shi ne, “he is.” In suna da yawa, “they are.” Sannan aikatau da wutsiyarsa. Kada ka yar da na farkon ka riƙe wutsiya kawai, yadda 'yan ajinku suke yi. Jaki ne babu kai. Na haɗo maka jimloli ashirin da Hausa a takarda daban, ka juya su ka aiko. Ba irin na littafi ba ne, babu mai shan ruwa ko mai share ɗaki. Da kunya na rubuta wasu, amma su kake buƙata.

Kullum in kana zaune a bakin ƙofar nan, ka riƙa faɗin abin da idonka ke gani a hankali, da Turanci. Mota tana shigowa. Suna sauke kaya. Har bakinka ya riga tunaninka.

In ranar ta zo, Allah ya sa kada ta zo, ka fara faɗin inda kake. Sannan jimlar, ka ƙara da “now.” Kada ka ajiye waya. Za su yi ta tambayarka me ke faruwa, kai kuma ka yi ta ba su amsa, abin da kake gani kawai. Bakinka ne aikinka. Hannun dama ya zauna a aljihu.

Gwaggonka.

*

Zakara,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya. Takardar jimlolinka ta iso tun watan jiya, ko gaisuwa babu a ciki. Ashirin bisa ashirin. Na nemi inda zan sa jan biro na rasa, har na ji haushi.

Amma yau wata uku ke nan babu wasiƙa. Innarka ta ce wayarka ba ta shiga. Na ce mata aiki ne ya yi maka yawa. In fushi ne bai wuce ba, ka rubuto ka zage ni, na ji.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, hannu ya haɗe, sai dai yatsa ɗaya ba ya lanƙwasa. Ki duba adireshin da ke bayan ambulan. Ina gidan yari, ɓangaren masu jiran shari'a. Lauyan da aka ba ni ne ya karɓo mini wasiƙarki daga maƙwabcina.

Ranar Alhamis ce, da la'asar. An kawo wata tankar mai da za a yanka. Mai walda ya leƙa ciki ya shinshina, ya ce ba zai sa mata wuta ba sai an wanke, in ba haka ba duk filin zai tashi. Guduma ya ce ya yanka. Ya ce a'a, ya ajiye abin yankan a ƙasa. A gaban leburori talatin.

Sarƙar farko a baki ta same shi. Na ciro waya. Na faɗi sunan titi da lambar fili, na ce, “He is beating a man now.” Gwaggo, bakina bai yi tuntuɓe ba. Namiji ne ya ɗauka. Nan take muryarsa ta canja, ya ce mota ta taso, kada in ajiye.

Ina tsaye taku goma daga wurin. Mutumin wayar yana tambaya, ina faɗa masa abin da nake gani. Yana dukansa a kai. Yana taka masa hannu. Mutumin yana zubar da jini. Ba ya motsi. Ba ya dainawa. Duka da Turanci na faɗe su, duk daidai. Mutumin wayar ya yi ta cewa suna zuwa, suna zuwa. Daga baya lauya ya ce mini minti goma sha ɗaya na yi ina magana. Ni na ɗauka yini ne.

Sai Guduma ya sunkuya ya ɗauki abin yankan ƙarfen, ya kunna. Wutar ta fito shuɗiya. Ya ce, “Tun da kai ba ka son wuta.” Ya kai ta hannun dattijon, wurin gwiwa. Na ji ƙaurin.

Ban san lokacin da na jefa wayar a aljihun riga ba, ban kashe ta ba. Rodi na ko'ina a filin nan. Na ɗauki ɗaya, na sami Guduma a bayan kai. Ina cikin yi na ji muryar mutumin wayar daga aljihuna, yana cewa, “What is happening now?” Bakina ya riga tunanina, kamar yadda kika ce. Na ce, “I am beating him.”

Da aka ji jiniya leburori suka haura katanga, har yaran Guduma. 'Yan sanda suka tarar da mutum biyu a kwance, ni a zaune a ƙasa. Mai walda yana da rai, amma a sume yake lokacin, bai ga komai ba. Guduma ma yana da rai. Ƙoƙon kansa ya tsage, ba ya magana, an ce da wuya ya sake yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Rodin ya bi hannu ɗari a ranar, babu shaida a jikinsa. Babu wanda zai tsaya ya ce ya gan ni. Abin da suke da shi kawai muryata da aka naɗa. Lauya ya ce akwai ƙarar inji a ciki, kuma kowa ya san baƙo yakan rikita “I am” da “he is.” Sai a ce wani lebura ne ya yi ya gudu, ni ina ba da labari na yi kuskure. Ya ce in malamata ta rubuto cewa ni daƙiƙi ne, ina haɗa su, ta sa hannu da shekarunta na aiki, zai iya fitar da ni. In ba haka ba, yana jin tsoron shekara goma.

Ban ce ki rubuta ba. Ban ce kada ki rubuta ba. Ga adireshinsa a ƙasa.

Zakara.

*

Ɗana,

Na gode wa Allah da kake da rai. Ka riƙa cin abin da aka ba ka ko ba daɗi. Ni ina nan, ƙafar ta kumbura kwana biyu, ta sauka.

Na rubuta takardar. Ba zan ɓoye maka ba. Na zauna na rubuta ta da Turancin da ban yi irinsa ba tun da na bar aiki, na ce kai ne mafi daƙiƙancin ɗalibin da na taɓa gani. Rabinta ma gaskiya ne, in aka koma baya. Kwana uku tana kan tebur. Kusa da ita akwai takardar jimlolinka. Ta goma sha bakwai, ina riƙe da shi. Ta goma sha takwas, yana riƙe da shi. Ka raba su tsaf, ko gogewa babu.

Na yaga ta. Ba don tsoron kotu ba, wa zai zo ya kama tsohuwa mai sanda? Lauyanka ya ce a ɗora wa wani lebura da ya gudu. To, za su nemo leburan. Za su kamo wani marar takarda, marar baki, irin Dogo, su ce shi ne. Da hannuna ba zan tura su ba. Kuma kai da aka tambaye ka, rodi na hannunka, gaskiya ka faɗa. Ba zan zo daga baya in ce bakinka ne ya yi kuskure ba.

Ga abin da na aika wa lauyan. Wasiƙunka biyu na farko, da ambulan ɗinsu mai hatimin kwanan wata, da fassarar da na yi kalma bayan kalma: idon Dogo, da ƙofar, da rodin da ke bayan kujera wanda ba ka taɓa ba. Na haɗa da tawa ta shaida, cewa ni na ce ka tsaya a kan waya, ka kuma tsaya. Na ce ya roƙi alƙali ya saurari muryar tun daga farko, ba jimlar ƙarshe kaɗai ba.

In ka tsane ni a kan wannan, ka tsane ni. Zan ci gaba da rubuto maka.

Gwaggonka.

*

Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da ƙafa. Ni lafiya. An sa ni a ɗakin ɗinki, ina koyon sa maɓalli da yatsu tara.

Na tsane ki mako biyu. Lauya ya fi ni, har yau in ya ambace ki sai ya girgiza kai.

An yanke, shekara huɗu, za a cire watannin da na yi. An sa muryar a kotu daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin kaina ba sai ranar. Alƙali yana ta duban agogon bango. Mai walda ya zo da hannu a naɗe, haƙoransa na gaba babu. Ya nannaɗe hannun riga ya nuna ƙunar, ba wanda ya sa shi. An rufe filin, an kama manaja.

An turo Guduma a keken marasa lafiya. Ya rame, kansa ya karkata gefe, yawu yana zuba. Matarsa ce ke tura shi. Duk bayan ɗan lokaci sai ta ciro hankici ta goge masa baki, ta gyara masa wuyan riga. Ban san yana da mata ba. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Akwai abin da ban gaya wa lauya ba, ba a kuma tambaye ni ba. Tun a bugun farko Guduma ya faɗi, wutar ta fita daga hannunsa ta mutu. Na ga ta mutu. Sau huɗu na buga. Na farkon na mai walda ne. Sauran ukun nawa ne.

Ki je wurin Inna da kanki, ko da ɗauke ki za a yi. Ki zaunar da ita ki karanta mata, kada ta ji a bakin wani. Ki karanta duka, har wannan.

Ɗanki,
Zakara.